Yadda za ka kai waƙarka ko labarinka gidan rediyon zango har a saka

Na taɓa yin aikin sa kai a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Kumasi, ina karɓar baƙi da rana, da dare ina taya mai shiri jera waƙoƙi. A aljihun teburin da nake zama akwai wani tsohon gwangwanin Milo cike da filashi. Wasu an ɗaura musu ɗan ƙyalle, wasu an manna musu takarda amma gumi ya cinye rubutun, yawancinsu ko alama babu. Kowanne da mai shi, yana can Aboabo ko Sawaba ko Tafo Zango ya kasa kunne kowane dare, yana faɗa wa abokansa a wajen shan ataya cewa 'yan rediyo sun raina shi. Mu kuwa ko sunansa ba mu sani ba.

Wanda zai karɓi aikinka a irin wannan tasha mutum ɗaya ne mai aikin mutum uku. Shi ke karanta sanarwar rasuwa da ta aure, shi ke amsa waya, shi ke lallaɓa kwamfutar da ta girme wa wasu ma'aikatan. Idan abin da ka kawo ya jawo magana, shi manaja zai kira. Duk abin da zan faɗa a ƙasa manufarsa guda ce: ka kai masa abu dafaffe, wanda ba ya buƙatar komai daga gare shi sai danna maɓalli.

Fara da kunne

Kafin ka taka ƙofar kowa, ka ba tashar mako guda kana saurare da biro a hannu. Rubuta sunan shiri, ranarsa, ƙarfe nawa yake farawa, wa ke gabatarwa, da wane harshe. A Kumasi shiri ɗaya kan fara da Hausa, mai kira ya shigo da Twi, wani ya biyo da Dagbani, don haka ka lura da inda irin harshenka yake zama daram. Ka duba agogo kuma: minti nawa suke barin waƙa kafin mai gabatarwa ya katse ta da gaisuwa? Akwai gurbin labari ko tatsuniya, ko kuwa sai ka nemi a buɗe maka?

Ka kuma san irin gidan da za ka shiga. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ke raba zangon watsa shirye-shirye a Gana, kuma ta bambanta tashar gwamnati, ta kasuwanci, ta makarantu da ta al'umma. Ta gwamnati, GBC, asalinta tashar ZOY ce da aka buɗe a Akra a 1935, kuma Hausa na cikin harsunan gida shida da ta daɗe tana magana da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Rediyon al'umma na ainihi, wanda ba don riba aka kafa shi ba, irin su Radio Ada ne da ya fara a 1998 da harshen Dangme, kuma irinsa ne suka haɗu suka kafa ƙungiyar gidajen rediyon al'umma ta Gana, GCRN, a 1999. Mu a zango ba ma wannan rarrabewar. Duk tashar da ke mana magana da harshenmu, kamar Zuria FM a Kumasi ko Marhaba FM a Akra, tamu muke ce mata. Amma bambancin zai shafi aljihunka, domin a tashoshi da yawa wasu shirye-shiryen lokaci ne da wani ya saya da kuɗinsa. Idan mai magani ne ya sayi awar, ko manaja ba zai cusa waƙarka a ciki ba. Tambaya ɗaya ce za ta hutar da kai: wannan shirin na tasha ne ko na mai saye?

Ɗaukar muryar

A nan aka fi faɗuwa, don haka a nan zan daɗe. Mai waƙa yawanci situdiyo yake zuwa, furodusa ya ji da sauti. Mai labari kuwa, ko tatsuniya, ko hira da dattijo, ko wasan kwaikwayo na murya, da wayarsa yake aiki, kuma waya ta isa idan an san yadda za a bi da ita.

Babban abokin gaba shi ne ɗakin. Ɗakin siminti wanda babu kaya yana mayar da murya kamar ana magana a cikin rijiya, kuma babu manhajar da ke cire wannan amsa-kuwwar tsaf. Nemi ɗakin da ke da katifa, labule da tulin tufafi. Ɗakin Hajiya mai jerin akwatunan atamfa ya fi falon tayil sau goma. A kashe fanka, a cire filogin firiji, a rufe taga. Za a yi gumi, a yi haƙuri. Sai lokaci: zango ba ya shiru, amma yana da sa'o'in da yake lafawa. Da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kuma kafin injin markaɗe ya tashi gadan-gadan, ko can bayan isha'i idan masu pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, sun rage zirga-zirga. Ka lissafa lokacin kiran salla don kada ya faɗo a tsakiyar jimla, domin ba za ka so ka datse shi ba, kuma ba za ka iya barin rabinsa ba. Idan hadari ya haɗo kuma rufin kwano ne, a ɗage zuwa gobe.

Saka wayar a yanayin jirgin sama. Kira ɗaya zai iya yanke ɗauka a daidai inda tsohuwa ta fara buɗe ciki, kuma ba za ta sake faɗarsa kamar farko ba. Yi amfani da manhajar ɗaukar sauti, ka shiga saitinta ka zaɓi inganci mafi girma, WAV idan tana da shi, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Kada ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti sosai don ya yi sauƙin tafiya, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Ajiye wayar a kan matashi ko naɗaɗɗen tawul, gindinta inda makirfo yake yana fuskantar mai magana, tazarar kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don iskar “f” da “b” kada ta riƙa bugunta. Kada ka riƙe ta a hannu, motsin yatsa yana shiga. Ɗauki minti ɗaya na gwaji, ka sa abin kunne ka ji, sannan a fara. Kafin a tashi kuma kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 kana ɗauka. Wannan shirun ɗakin da shi za ka cike gurbin da ka yanke, don kada sauti ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa.

Na koyi rabin wannan ne a kan wata gwaggona da ta yi cinikin goro shekaru masu yawa. Na je ɗaukar labarinta, na ce, “Gwaggo, ki ba ni tarihin kasuwancinki.” Ta gyara mayafi, ta ɗauko wata murya da ban san ta da ita ba, ta yi ta godiya ga Allah da shugabanni har minti bakwai. Na koma washegari ban ambaci tarihi ba. Na ce, “Gwaggo, yaya ake gane goron da zai kai arewa bai lalace ba?” Sai ta miƙa hannu ta ɗauko ɗaya a faranti, ta ɓare shi kusa da wayar, ƙas, ta fara bayanin ganyen da ake lulluɓe shi da shi, da yayyafa ruwa, da yadda ake zazzage huhu a tsince mai tsutsa kafin ya ɓata 'yan'uwansa. Daga nan ta zarce da kanta zuwa ranar da mota ta lalace musu a hanyar Tamale da kaya a kai. Wannan ƙas ɗin da shi na buɗe shirin. Ka yi tambayar da amsarta ke hannun mutum, kuma idan yana magana ka gyaɗa kai kawai, domin “eh”, “haka ne”, “Allah sarki” naka duk za su hau kan muryarsa, ba za su ciru ba.

Tun kafin a shiga labari, ka ɗauki yardar mai magana da bakinsa: ya faɗi sunansa, ya ce ya san za a saka a rediyo kuma ya amince. Idan yara ne za su rera ko su yi tatsuniya, iyayensu za su ba da wannan izinin. Matar aure kuma ta fi ka sanin wanda ya kamata ya ji kafin unguwa ta ji muryarta, ka ba ta lokaci ta yi shawara.

Yanka da gyara

Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce a kwamfuta, kuma ta isa. Mai sauraron rediyo ba ya iya komawa baya, yana tuƙi ne ko tana tuƙa tuwo, don haka a daƙiƙun farko ya san wa ke magana kuma a kan me. Ka maimaita sunan mutum da na wuri a tsakiya saboda wanda ya kunna a makare. Cire maimaici da dogon tari, amma ka bar numfashi, maganar da aka aske wa numfashi ba ta kama da ta ɗan Adam. Tsawo kuwa, abin da ka auna a makon saurarenka shi ne ma'auni. Idan gurbin minti 10 ne, ka kawo 8, ka bar wa mai gabatarwa wurin sallama da sanarwa. Dogon labari a raba shi kashi-kashi, kowane kashi da farkonsa da inda ya tsaya.

Mawaƙi, kai naka gyaran daban ne, kuma na san zai yi maka zafi. Waƙar biki mai minti tara, wadda rabinta kiran sunayen alhazai da hajiyoyin da suka yi liƙi ne, ba ta rediyo ba ce. Ka ce wa furodusa ya fitar maka da ta rediyo, minti uku zuwa huɗu, murya ta shigo da wuri, amshi ya zo kafin mai gabatarwa ya gaji. Ka karɓi kiɗan zalla ma, wanda babu murya. Masu shiri suna son abin da za su shimfiɗa a ƙarƙashin maganarsu, kuma sau da yawa ta nan kunnen jama'a ke sabawa da waƙa.

Game da ƙarfin sauti, kada layin ma'aunin sauti a manhajar ya riƙa dukan ja. Sautin da ya fashe a ɗauka ya fashe ke nan, kuma na'urar tasha za ta ƙara matse shi. A bar ƙololuwarsa ƙasa da sifilin ma'aunin kaɗan. Sannan ka yi gwajin da ya fi kowanne: ka saurara a lasifikar ƙaramar waya ko 'yar rediyon mai shayi, mai baki ɗaya. Yawancin masu jin ka da irin wannan za su ji ka. Idan kalmomi sun nutse a cikin kiɗa a nan, koma wajen furodusa, ko da a situdiyo ta yi daɗi kamar me.

Fitar da fayil iri biyu: WAV mai 44.1 kHz da bit 16, da MP3 mai 320 kbps. Na farko yana cin kusan MB 10 a kowane minti, na biyu kusan MB 2.4. Sai suna. Fayil mai suna AUD da jerin lambobi shi ne ɗan'uwan filashin cikin gwangwani. Rubuta sunanka, sunan waƙa ko labari, da tsawonsa, da baƙaƙen boko marasa ƙugiya, domin tsohuwar kwamfuta kan mayar da ƙ da ɗ wasu 'yan akwatuna. Ka cike bayanan cikin fayil ɗin ma, wurin sunan mawaƙi da take, saboda su ne ke fitowa a allon mai shiri lokacin da zai faɗi sunanka.

Na wane ne?

Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, mai lamba 690, tana kare aikinka tsawon rayuwarka da shekara 70 bayanta. Tana kare na wasu ma. Kiɗan da ka sauke daga YouTube ka hau kai, ko karin waƙar fim ɗin Indiya ko ta Kano da ka canza wa kalmomi, ba naka ba ne, kuma tashar da ta san aikinta za ta tambaya. Idan sayen kiɗan ka yi, ka riƙe shaidar biya, ko da saƙon tura kuɗi ta waya na MoMo ne da hirar da kuka yi.

Ku zauna da duk wanda ya sa hannu, mai rubutu, mai kiɗa, mai amshi, ku rubuta a takarda ɗaya wa ya yi me kuma kason kowa nawa ne, kowa ya sa hannu. Yanzu da babu ko sidi ɗaya a tsakani ne ake yin wannan cikin dariya. Mawaƙi ya yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin amfani da waƙoƙi daga gidajen rediyo da sauran wurare ta raba wa masu haƙƙi. Kada ka sa ran zai yi maka gini, amma wanda ba ya cikin littafi ba ya cikin rabo. Tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, dokar ta ɗauke su dukiyar al'umma, kuma akwai hukumar kula da al'adun gargajiya da ake neman izininta idan za a yi kasuwanci da su. Wanda ya yi niyyar sayar da tarin tatsuniyoyi daga baya, ya san da wannan.

Abin da zai sa a ajiye aikinka ko da ya yi kyau

Zambo da habaici gishirin waƙar Hausa ne, amma a zango kowa ya san kowa. Kana cewa “mai jar mota na bayan masallaci” an gane. Gana ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, sai dai ƙarar neman diyya tana nan, kuma da tashar za a haɗa. Rigimar sarauta, saɓanin malamai, gugar zana tsakanin ƙabilu, duk manaja zai gudu daga gare su, kuma yana da hujja: a 2024 NCA ta rufe tashoshi huɗu a Bawku saboda kalaman da aka ce suna rura wutar rikicin can. Waƙar yabon ɗan takara talla ce, sashen talla za a tura ka, musamman a shekarar zaɓe. Idan labarinka ya ce wani sassaƙe yana warkar da ciwon suga, ka shiga hurumin hukumar abinci da magunguna, FDA, wadda sai ta tantance tallan magani kafin a watsa. Ka saurari aikinka da kunnen limamin unguwarku da na mahaifiyarka. Inda ka ji za ka sunkuyar da kai, yanke.

Kai kayan

Rubuta takarda shafi ɗaya: sunanka da lambar waya, unguwa, sunan aikin, tsawonsa, harshensa, waɗanda suka yi shi, da layi biyu da mai gabatarwa zai iya karantawa kai tsaye ba tare da ya gyara ba. A ƙasa ka rubuta cewa ka ba tashar izinin watsawa, mallaka kuma tana hannunka, ka sa hannu da kwanan wata. Idan waƙar da Hausa ce kuma manajan shirye-shirye ba ya ji sosai, ka haɗa da fassarar ma'anarta a taƙaice. Ba zai saka abin da bai san me ake cewa a ciki ba.

Ka je da ƙafarka. Kada ka je ana saura minti biyar shiri ya fara, kada ka je ranar Juma'a da hantsi. Ka tambayi mai karɓar baƙi wa ke karɓar waƙoƙi da shirye-shirye, kuma yaushe yake samun sarari. Idan kun haɗu, a gaisa gaisuwar mutunci, sannan a taƙaita: “Yaya, ina jin shirinka na daren Laraba. Na kawo labarin wata gwaggona kan cinikin goro, minti takwas ne, an gyara, ga takardarsa. Idan ka samu lokaci ka ji, in akwai gyara ka faɗa mini.” Ambaton shirinsa da ranarsa ya nuna masa ba rabon filashi kake yi tasha-tasha ba.

Filashin ya zama babu komai a kai sai aikin, ka bincike shi da maganin bairos, ka manna sunanka da lambarka da salatif. Kada ya zama shi ne kwafinka kaɗai. Idan an ce ka turo ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, wato ta wurin da ake haɗa dokumen, don ya isa yadda yake. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, don haka WAV sai ka ɗora a Google Drive ka aika mahaɗin, ka tabbatar ka buɗe shi yadda zai saukar ba sai ya nemi izini ba. Kafin ka fita ka rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar.

Maganar goro

Za ta taso, gara mu yi ta. Akwai kuɗin da tasha ke karɓa a fili, na sayen lokaci ko tallata sabuwar waƙa, mai farashi a rubuce da rasit da adadin sakawa. Wannan ciniki ne, in kana da hali ka yi, ka karɓi jadawalin lokutan a takarda. Akwai kuma wanda ake turawa lambar mai shiri a ɓoye, abin da mawaƙan Gana suka daɗe suna kuka da shi da sunan payola. Ra'ayina, kada ka fara. Babu rasit, babu wanda za ka kai wa ƙara, kuma ranar da kuɗin ya ƙare waƙar ta ƙare. Na ga yaron da ya sayar da wayarsa don wannan, aka saka waƙar sau biyu bayan sha biyun dare. Idan an riga an saka aikinka ka kai wa ma'aikata koko da ƙosai da safe don godiya, wannan zumunci ne, kowa ya gani, kowa ya ci.

Bayan ka miƙa

Ba shi mako guda, sannan ka aika saƙo ɗaya gajere. Idan shiru, ka sake leƙawa bayan wani makon. Kiran safe da yamma yana sa a ajiye lambarka da sunan da ba za ka so ba. In an ce ba za a saka ba, ka tambayi dalili, domin sau da yawa abu ne na gyaran awa ɗaya, kamar kalma guda ko ƙarar fanka. Ka lura da kalanda kuma. Da azumi tafsiri da shirin sahur ke cinye lokaci, waƙar soyayya sai ta jira, amma labarin yadda ake azumi a zangon da yana samun wuri. Waƙar Salla a kai ta tun azumi bai raba ba, ƙasida kuma tun kafin watan Maulidi ya kama.

Ranar da za a saka, ka sanar da dangi da 'yan ataya su kunna. Masu kira su yi magana da bakinsu, domin mai shiri yana gane mutum goma da aka bai wa jimla ɗaya su haddace. Ka ɗauki shirin a waya, ka rubuta rana da lokaci a littafi, zai yi maka amfani wajen GHAMRO da kuma wajen tasha ta gaba da za ka je. Idan muryar wani ka ɗauka, ka kai masa rediyo har inda yake. Gwaggona a tsakar gida ta ji nata, jikoki sun kewaye ta, ta yi shiru har aka gama, sannan ta ce na yanke wurin da ta faɗi sunan direban, kuma sai na koma na ɗauki ragowar labarin Tamale. Na koma ranar Asabar, da cajin waya cike saboda dumso, wato ɗauke wuta, shi ne ya zama kashi na biyu.